Daga Bakin Gareji: Corolla ko Honda, da Sauran Wasiƙunku

Wasiƙun wannan wata sun fi ƙarfin shafin, don haka na zaɓi biyar. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, tana nan cikin aljihun rigar aiki, ta ɗan sha baƙin mai amma ba ta ɓata ba.

*Assalamu alaikum Baba. Ni malamin sakandare ne, ina zaune a Ɗorayi, ina koyarwa a Hotoro. Da adashi da rancen ƙungiya na haɗa naira miliyan 6. Dillali ya nuna min motoci biyu da aka hau a nan gida: Corolla ta 2005, da Honda Accord ta 2007 wadda ake kira DC. Hondar ta fi kyau, ta fi faɗi, kuma ta fi sauƙin kuɗi. Uwargida ita take so. Abokaina kuwa sun ce Honda cire ƙafa take yi a tsakiyar titi. Wacce zan ɗauka?*

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya sa albarka a abin da aka tara, don haɗa miliyan 6 daga albashin koyarwa ba ƙaramin jihadi ba ne.

Corollar da aka nuna maka, wato ƙirar 2003 zuwa 2008, injinta mai lita 1.8 ne, kuma sarƙa ce a cikinsa ba bel ba, don haka babu fargabar tsinkewar bel ɗin tayimin. Jaka ce. Ba ta da kwalliya, kujerar baya kuma in manya uku suka zauna sai an yi haƙuri da juna, amma duk abin da ya lalace a jikinta, ka shiga Ƙofar Ruwa da safe ka fito da shi kafin azahar, kuma ko yaron da ya shekara biyu a gareji ya san hanyar cikinta. Ranar da ka matsu kuwa, kafin ka gama faɗa wa dillali ka samu mai saye. Wannan sunan nata ne ya sa take tsada, har ta kai ana sayar da gajiyayyiyar Corolla a kuɗin lafiyayyiyar wata motar.

Hondar kuma mai lita 2.4 ce in ƙaramin injin ne, ita ma sarƙa gare ta. Ta fi daɗin zama, ta fi kwanciya a titi in ka miƙi hanyar Zariya, ta kuma fi shan mai. In mai silinda shida ce, ka bar musu abarsu, ba ta malamin makaranta ba ce.

Maganar cire ƙafa gaskiya ce, amma ba aljanu ba ne. A ƙirar ƙafar gabanta, bol-join na ƙasa, wato mahaɗar ƙarfe mai kan ƙwallo da ke haɗa ƙafa da taya, shi ke ɗauke da nauyin motar. Wata 'yar roba ce ke rufe da shi tana riƙe giris. In robar ta yage, giris ya fita, yashin Kano ya shiga ya zama kamar dutsen niƙa, a hankali ƙwallon ya cinye mazauninsa, wata rana a kan kwana ko a bakin rami sai ya fice, taya ta kwanta. Kafin a kai nan sai ta yi ta kuka, wani ƙiƙi-ƙiƙi in kana murɗa sitiyari a hankali, mai ita ya ƙara sautin rediyo. In aka je canzawa kuma a ɗauko mafi arha a kasuwa. Mai sa na ƙwarai, yana kuma sa a leƙa robar duk lokacin juye, zai yi shekaru bai ga wannan abin kunya ba. Abu na biyu, giyarta ba ta son baƙon mai, nata na Honda take so, wanda ake rubuta wa DW-1.

To amma Malam, duk wannan bayanin sunaye ne, kai kuwa ba suna za ka saya ba. Mota ɗaya tak za ka saya, wadda ta kusa ko ta haura shekara 20 a duniya, ta bi hannun mutanen da ba ka sani ba. Bari in ba ka labarin kaina.

Wata shekara surukina ya ba ni kuɗi in nemo masa mota, tunda ga bakanike a dangi. Na samu wata Beljiyam fes, fenti kamar a lashe, inji ko tari babu. Cikinta na tashin ƙamshin turare har yana hawa kai, na ce a raina mai wurin nan akwai tsafta. Na duba inji, na duba giya, na shiga ƙarƙashi, na biya. Damina na sauka mota ta fara hauka: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitila ta kunna kanta da tsakar dare, jibi a murɗa makulli shiru. Da na ɗaga kafet sai ga busasshen taɓo a kwance, ƙarafan da kujera ke gudu a kansu duk sun yi tsatsa. Na ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, sai ga layin ruwa a jiki, ruwan ƙasa-ƙasa, daidai inda ambaliya ta tsaya. Ashe a Amurka ruwa ya ci ta, kamfanin inshora ya yi gwanjonta, aka wanke aka loda a jirgi. Turaren nan warin ruma yake ɓoyewa. An yi min sakiyar da ba ruwa da motar da ta ƙoshi da ruwa. Wata shida ina bin wayoyinta ɗaya bayan ɗaya da kuɗin aljihuna, kuma har yau in an haɗu a wurin ɗaurin aure surukin nan sai ya tambaye ni, da murmushi, ko ina da wata motar da zan zaɓa masa.

Saboda haka ka je da bakaniken da kai za ka biya, ba wanda dillali ya kira ba, don shi wancan yana da kaso a la'ada. Ku je da sassafe, ka ɗora hannu a kan injin ka tabbatar da sanyi yake, domin injin da aka ɗuma kafin ka iso yana ɓoye ƙara da hayaƙi. In ka murɗa makulli kafin ka tayar, fitilar nan mai hoton inji dole ta kama, in inji ya tashi ta mutu. In tun farko ba ta kama ba, to an cire ƙwanta ko an liƙe ta da baƙin salatif. A sa mata kwamfuta, kuɗin bai kai na buhun siminti ba. A leƙa salansa a ga ko indomin, wato matatar hayaƙin nan, yana nan, don akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa irin su filatinam, shi ya sa ake farke shi a sayar a toshe wurin. Ka ja bel, ka ɗaga safaya ka ga ƙarƙashinta. Lambar shasi, haruffa da lambobi 17, ka karanta ta a gindin gilashin gaba da jikin ƙofa, ka gwada da ta takardun kwastam harafi bayan harafi. Tun daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma 'yan Kwatano ba su daina biyowa ta daji ba, kuma ranar da aka tare ka a hanyar Kaduna ba dillali za a tambaya ba.

Ga nawa ra'ayin. Ɗorayi zuwa Hotoro kullum, ka ratsa Kabuga da cunkoson cikin gari, da albashin da ake cire rance a ciki: in duka biyun sun ci jarrabawa, ɗauki Corolla. In Corollar ta nuna gajiya, Hondar kuwa ta fito lafiya, ɗauki Honda ba tare da ka waiwaya ba, ka canza bol-join biyu a makon farko. Kowacce ka ɗauka kada ka zuba miliyan shidan duka, ka rage abin juye, da taya, da batir, da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta koma naira 15,000 tun farkon 2023. Uwargida kuma a kai ta ta zauna a cikin duka biyun, a faɗa mata kuɗin man kowacce a wata. Mata sun fi mu lissafi in aka ba su lambobin.

*Baba ina wuni. Ma'aikaciyar jinya ce ni a Tarauni. Camry ɗina ta 2008, wadda ake kira Muscle, ta yi zafi a cunkoso wajen Dangi. Bakanike ya cire wani abu wai shi tamostat, ya ce na ƙasar sanyi ne, ya kuma haɗa fanka ta riƙa juyawa kullum. Zafin ya daina, amma yanzu tana shan fetur, kuma baƙin mai yana raguwa.*

Lafiya lau Hajiya. Ke da kike aikin asibiti za ki fi kowa gane wannan: an kawo mai zazzaɓi, maimakon a nemo abin da ya kawo zazzaɓin sai aka tsoma shi a randa aka ce ya warke.

Wannan ɗabi'ar ta cire tamostat mun gaje ta ne tun zamanin kafireto, ni ma na cire da hannuna ba sau ɗaya ba kafin in waye. Ƙofa ce 'yar ƙarama a hanyar ruwa. Tana rufe in inji na da sanyi don ya yi saurin ɗumi, in zafin ya kai wajen digiri 82 ta fara buɗewa ruwa ya tafi lagireto. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90, ko a Kanada ko a Kano. Zafinmu na Afrilu da ke haura 40, a wurin inji inuwa ce. Motarki kwamfuta ke auna mata fetur, kuma muddin ta ji inji bai ɗumi ba za ta yi ta ƙara masa. Ga inda fetur ɗinki ke tafiya, musamman da safe da lokacin hunturu, kuma ke gajeriyar tafiya kike yi. Rarar fetur ɗin nan tana wanke man da ke jikin silinda, ta gangara ta tsinka baƙin mai. Fankar da aka hana hutu kuma ita ma ranarta na zuwa, kuma a cunkoso za ta mutu.

A mayar da sabon tamostat, a mayar da fanka kan wayarta ta asali, sannan a nemo ainihin ciwon. Sau da yawa lagireto ne ya toshe, saboda ruwan rijiya da na burtsatse da muke ɗurawa. Ki duba cikin butar da kike dafa ruwan shayi, wannan farin dutsen da ke kamawa a gindinta shi ne ke kama 'yan siraran bututun lagireto. Ruwan nan mai launi da ake sayarwa a galan shi ne nata, don yana hana tsatsa. A duba murfin lagireton ma, ƙaramin abu ne amma shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa.

Raguwar baƙin mai kuwa, ba duka laifin bakanikenki ba ne. Injin lita 2.4 na Camry ta waɗannan shekarun an san shi da shan mai ta wajen ringin fistin, ciwon gidansu ne. Ana zama da shi shekaru in ana lura. Duk Juma'a da safe kafin ki tayar, ki zare gejin mai, ki goge, ki mayar, ki sake zarewa, in ya sauka ki cika. Kada ki yarda a ɗura miki mai kauri irin 20W-50 wai don ya rage sha, ki bi abin da aka rubuta a murfin man. Sannan ki lura, in daga Amurka ta zo, mil take ƙirgawa ba kilomita ba. In an ce ki dawo juye bayan 5,000 kika bi lambar da ke gabanki, kin yi kilomita 8,000 ke nan, cikin ƙurar garin nan.

*Yallaɓai, ɗalibi ne ni a BUK, nakan tuƙa mahaifina zuwa Kaduna. Tayoyin Beljiyam da muka saya zanensu bai goge ba, amma ɗaya ta fashe mana bayan Kwanar Ɗangora.*

Alhamdu lillahi da kuka tsira, ɗana. Zane ba shi ne shekarun taya ba. Ka duba gefenta, bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2018. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, kuma da yawan na Beljiyam tayoyin ƙanƙara ne, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe, robarsu mai laushi ce da ba ta jure kwaltarmu da rana tsaka. Sai iska. Mai faci in ka ƙyale shi zai ɗura maka 45 ko 50 ya buga da ƙafa ya ce ta yi. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda a liƙe a jikin ginshiƙin, yawancin ƙananan motoci 30 zuwa 35 ne. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Ka cire sauran ukun ka karanta lambarsu kafin tafiya ta gaba.

*Maigida, Sharon nake ja daga Unguwa Uku zuwa Jos. Tun da aka cire tallafi abin da nake samu a gidan mai yake ƙarewa. Wani ya ce zai haɗa min gas da tukunyar da zai yi min walda, a rabin kuɗin da ake yi a cibiya. In yi?*

Direba, kada ka yi. Ko kyauta ya ce zai yi maka, ka gode masa ka wuce.

Na san inda ke maka ciwo. Kafin 29 ga Mayun 2023 lita a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, cikin kwana biyu ta haura 500, daga nan kuma ba ta sake waiwayar baya ba. Gas ɗin mota, wato CNG, yana da sauƙi ƙwarai a kan fetur, kuma mai cin dogon zango kullum irinka shi ne ya fi kowa saurin mayar da kuɗin haɗawa. Sai dai ba irin gas ɗin girki ba ne. Na girki ruwa-ruwa yake zama a tukunya, matsinsa kaɗan ne. Na mota kuwa ana danna shi ne har matsinsa ya kai kusan ninki 90 na iskar da ke cikin tayarka. Tukunyarsa dunƙulen ƙarfe ce da ba ɗinki a jikinta, shi ya sa mutum ɗaya ke shan wuya kafin ya ɗaga ta. Tukunyar walda bom ce ka ajiye a bayan fasinja. A watan Oktoban 2024 irin wannan ta tarwatse a wani gidan gas a birnin Benin na jihar Edo ana cikin ɗurawa, ta yi kaca-kaca da motar, ta raunata mutane.

In za ka yi, ka je cibiyar da gwamnati ta amince da ita, a ba ka takarda. Kafin nan ka zauna ka yi lissafi biyu. Na farko, tukunyar za ta cinye maka wurin kaya, kai kuwa kaya na cikin abin da ke biyan ka. Na biyu, ka ƙirga gidajen da ke sayar da gas ɗin a kan hanyarka, da tsawon layinsu, domin in a Kano kawai za ka ɗura, dawowa da fetur za ka yi. Bututun gas da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajakuta ya bi Kaduna ya iso Kano, mai tsawon kilomita 614, shi muke sa wa ido. Motar dai tana riƙe tankinta na fetur, maɓalli ne kawai kake dannawa, don haka ba za ka kwana a daji ba.

*Baba, mahaifinmu ya rasu bara, ya bar Fijo 504 a ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gidanmu a Fagge. Ta shekara takwas ba a tayar ba. 'Yan gwangwan sun yi tayi, yayyena sun ce a sayar. Ni kuwa a cikinta aka riƙa kai ni makaranta. Za ta tashi?*

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makoma. Ka taɓo min inda nake da rauni, don a kan 504 na koyi riƙe sifana, maigidana yana ƙarƙashi yana miƙo hannu, in na ba shi 13 maimakon 12 in sha ranƙwashi.

Tukuna, motar nan gado ce. A kira wanda ya san kuɗinta ya yi mata ƙima a gaban kowa, ka biya 'yan'uwanka rabonsu ko a cire a naka, mata da maza kowa ya ce ya yafe ko ya karɓa. Kada ka kashe ko sisi a kanta kafin a yi wannan, na ga zumunci ya lalace a kan abin da bai kai ta ba.

Tashi kuwa za ta tashi, in dai tsatsa ba ta cinye ƙasanta ba. A Faransa aka fara yin ta a 1968, daga 1975 aka riƙa haɗa ta a Kakuri a Kaduna, aka kuma ci gaba da haɗa ta a nan shekaru da yawa bayan Turawan sun daina tasu. Ba kwamfuta a jikinta, da tayoyin baya take ja, ƙafafunta kuma dogaye ne, shi ya sa ta yi mulkin hanyoyin karkara. Ka ɗaga tabarmar ƙasa ka soka sukundireba a wurin ƙafar direba da cikin but. In ya huda, aikin ya zama na mai walda, kuma ya yi tsada.

In ƙasan na da ƙarfi, kada ka kawo batir ka murɗa makulli, nan ake kashe su. A cire fulogi huɗun, a zuba ɗan mai a kowane rami, a bar shi kwana uku, sannan a juya injin da hannu a ji ko ya saki. A sauke tanki a wanke, don fetur ɗin shekara takwas ya zama ƙaro. A wanke kafireto, a canza baƙin mai da robobin ruwa, a duba ko ɓeraye sun yi gida a cikin wayoyi. Birki kuwa a sake shi gaba ɗaya kafin ta taka titi, tayoyin ma haka. Kayanta sun yi ƙaranci amma ba su ƙare ba, akwai dattawa a Ƙofar Ruwa da ke da su a can ƙuryar shago, kuma samarin garejin yanzu ba su san saitin kafireto ba, mai furfura za ka nema.

Ba motar zuwa aiki kullum ba ce, za ta sha maka mai fiye da Corolla nesa ba kusa ba. Ta zuwa Idi ce da ɗaurin aure. Ranar da za a murɗa makullin ka aiko a faɗa min ta ofishin mujallar nan, Fagge ba nisa, zan zo da sifana mai lamba 12.